Keke Mai Batir da Doyar Oga George

A shekarar da man fetur ya yi ɓatan dabo, wato 1994, babu abin da Malam Mudathir yake tsoro a duniya kamar jan biron Oga George. Bajimin sa ba ya ba shi tsoro, don malamin dabbobi ne, ya saba kama ƙaho ya buɗe baki ya leƙa. Amma jan biron nan, ko a aljihun mai shi ya hango shi sai gabansa ya faɗi.

Mudathir a Gumel yake zaune, aikinsa kuwa a ofishin dabbobi na Maigatari. Oga George, mutumin wajen Shandam, shi ne shugaban ofishin. Yana kwana a wani ɗaki a bayan ofis daga Litinin zuwa Juma'a, iyalinsa suna Gumel. Mutum ne mai fara'a, ya iya Hausa har da karin magana, in ka kwanta ciwo shi ne farkon zuwa dubiya. Sai dai ƙarfe takwas na cika zai jawo rajistar sa hannu, ya ɗora rula, ya ja jan layi a ƙarƙashin sunan ƙarshe. Wanda ya zo bayan nan, ko da numfashi ɗaya ne, a ƙasan layi zai sa hannu.

Da can Mudathir bai san ƙasan layi ba, don motar haya yake shiga. Da mai ya ɓace kuwa, sai tashar Gumel ta koma wurin hira. Mota ɗaya za ta zo, mutum arba'in su yi mata caa, shi kuma Mudathir ƙato ne mai teɓa, ba ya iya shiga ta taga kamar yadda samari suke yi. A wata guda ya makara sau tara.

Ran nan Oga George ya kira shi ofis ya ce, "Malam Mudathir, zauna. Manyanmu na Dutse sun ce kowane ofis ya ba da sunan mutum ɗaya da za a mayar Gwaram. Ni ba na son in ba da kowa. Amma in wata mai kamawa na ga sunanka a ƙasan layi, ko sau ɗaya ne, kai zan rubuta. Ka ji na faɗa maka tun da wuri."

"Na ji, ranka ya daɗe."

Gwaram! Can ƙarshen jiha ta kudu, tafiyar yini guda a irin wannan lokaci. Ba nisan ne ya dame shi ba, Inna ce. Mahaifiyarsa Inna Sa'adiya ta tsufa, gwiwoyinta sun daina ɗaukarta, kuma ta riga ta rantse daga gidan nan sai kushewa. Kullum in ya dawo daga masallacin asuba shi yake ɗaga ta cak ya fito da ita tsakar gida, ya ajiye ta a kan kujerarta, ya zauna gefe har ta gama shan koko. Matarsa Rayhana siririya ce, ko tulu da ƙyar take ɗagawa. In aka kai shi Gwaram, Inna ta zama ta cikin ɗaki ke nan.

Kada ka zaci tana gode masa. Ina! Shi ne ɗanta na fari, saboda haka kunyarsa take yi irin ta mutanen da. Ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta kallon fuskarsa, in tana da magana da shi sai ta faɗa wa Rayhana alhali yana zaune a wurin. "Ki ce wa mijinki ya ajiye ni a hankali, ni ba buhun gero ba ce." Shi kuma sai ya ce, "To, Inna." Maganar Gwaram kuwa bai faɗa mata ba, bai faɗa wa Rayhana ba, ya haɗiye abinsa.

Kafin sabon watan ya kama, ya gwada tsohon keken mahaifinsa rana ɗaya. Ya isa Maigatari ƙarfe tara saura, rigarsa sharkaf, yana haki kamar wanda kura ta koro. Da yamma ya turo keken ya biya ta shagon abokinsa Obed, mai gyaran wayar mota a bakin tasha, ya zube a benci ya ba shi labari.

Obed ya daɗe yana zagaya keken yana sosa ƙeya. Shi ma aiki ya tsaya masa, tunda motar da ba ta tafiya ba ta lalacewa. Can ya ce, "Malam, bar min shi kwana huɗu."

Abin da ya fito daga shagon nan bayan kwana huɗu, Gumel ba ta taɓa ganin irinsa ba. Obed ya samo wani ɗan inji daga jikin wata matacciyar babbar mota a Gagarawa Tasha, ya ɗaure shi a bayan sirdi, ya sa masa ƙaramin gare na ƙarfe da yake gugar tayar baya. A tsakiyar keken ya ƙera akwatin katako ya zaunar da batirin mota a ciki. Wayoyi ja da baƙi suka bi jikin ƙarfe har zuwa kan keken, inda ya liƙa makunnin fitila irin na bangon ɗaki. Ka danna, keke ya tafi da kansa. Ka sake dannawa, ya yi shiru.

Obed ya ce, "To saurara da kyau. Zan riƙa yi maka cajinsa a nan, ka zo ka ɗauka da daddare. Zuwa da batir, dawowa da ƙafa, tunda da yamma babu mai ja maka layi. Amma na auna shi ne da kai kaɗai, kai ma ɗin da ƙyar. Kada ka ɗora masa kaya. Kada ka yi ta tsaye-tsaye, don tashi ne yake shan wuta. Batir ba jaki ba ne, in ya gaji ba a dukansa ya ƙara."

"Wa zan ɗora wa kaya? Ni da biro kawai nake tafiya."

Ranar farko, wallahi, ko sarauta aka ba shi bai fi haka jin daɗi ba. Damina ce, gero ya yi kore shar a hagu da dama, titi fayau babu mota ko ɗaya. Ya danna makunni, keken ya yi wani ɗan kuka "ziiii", ya ɗauke shi. Ƙafafunsa a kan feda ba motsi, babbar rigarsa tana kaɗawa, iska mai sanyi tana shiga ta wuya. Manoma suka riƙa dafa fartanya suna bin sa da kallo baki buɗe. Wata mai tallan nono ta sauke ƙwarya ta yi salati. A shingen kwastan aka tsayar da shi, ba don bincike ba, don kowa ya leƙa ya ga inda aljanin yake.

Takwas saura kwata ya sa hannu. Oga George ya fito ya zagaya keken sau biyu, ya duƙa ya shinshina, ya ce, "Ba mai?"

"Ba mai, ranka ya daɗe."

"Lallai in ana sallah ba a magana. Obed ya yi ƙoƙari."

Sati guda sunan Mudathir yana can sama da layi. Labari ya bazu har garin Sule Tankarkar, wani ɗan'uwan Inna ya taso takanas daga Ɗanzomo don ya gani da idonsa. Inna kuwa da aka shigo da keken tsakar gida ko ɗaga kai ba ta yi ba. Ta dai ce wa Rayhana, "Ki ce wa mijinki ya kawar da abin nan daga kusa da rumbu, kada ya tayar min da gobara."

To, a nan ne fa matsala ta kunno kai, kuma daga bakin masallaci ta fito.

Akwai dattawa da suke zama a dakalin masallacin unguwar bayan asuba, abokan marigayi mahaifinsa. Babbansu Baba Ɗantsoho, sai Kawu Cindo mai awo, sai Malam Barau. Ba ya yiwuwa ɗan da aka haifa a gabansu ya wuce su a kan keke, ko da na aljanu ne. Kullum sai ya kashe, ya sauka, ya cire takalmi, ya durƙusa, a tambayi gajiya da iyali da gwiwar Inna.

Wata safiya Baba Ɗantsoho ya ce, "Ɗana, aka ce keken nan ba kai kake tuƙa shi ba?"

"Shi yake tuƙa kansa, Baba."

"Ba ka gumi?"

"Ko ɗis."

Baba Ɗantsoho ya dubi 'yan'uwansa ya ce, "Kun ji fa. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki." Ya sa hannu a bayansa ya jawo wani ƙulli. "Ga ɗan sallahu. Daddawa ce, ka miƙa wa 'yata a Maigatari, gidan yana bayan kara, can kasuwar shanu."

Sallahu dai ka san shi, saƙon da ake ba matafiyi ya kai ko ya sayo. Tun kaka da kakanni ba a ƙin sa. Su kuma masu bayarwa suna da nasu adalcin, suna duba wahalar mutum kafin su ɗora masa. Mai tafiya a ƙasa a ba shi wasiƙa, mai jaki a ba shi ƙulli. To ga mutumin da yake zuwa Maigatari kullum a zaune, ko gumi ba ya yi. A lissafin dattawan nan, duk abin da aka ɗora masa a banza ya tafi, ba a zalunci kowa ba. Wa zai tsaya ya yi musu bayanin cewa akwatin katakon nan ma yana gajiya?

Mudathir ya buɗe baki zai yi bayanin, ya dubi furfurar Baba Ɗantsoho, mutumin da ya yi masa huɗuba ranar da aka haife shi, sai ya ji bakinsa ya ce, "Ba komai, Baba."

Daddawa ba ta da nauyi. Amma washegari Kawu Cindo ya zo da tiya biyu ta wake. A rana ta uku Malam Barau ya kawo ruwan garma guda biyu a kai wa maƙeri. Matan unguwa suka ji, suka fara aiko da nasu ta hannun Rayhana, wannan kuka, wannan tabarma, wannan maganin shawara a galan. Motar haya babu, ga ɗan unguwa Allah ya ba shi abin hawa, me ake jira?

Takwas saura kwata ta koma saura minti goma. Saura goma ta koma saura biyar. Kukan keken ma ya sauya, "ziiii" ɗin ta zama wani gurnani kamar na tsohon rago. Obed ya riƙa karɓar batirin da yamma yana girgiza kai.

"Malam, ka kashe min batir. Ka ce musu a'a mana!"

"Kai Obed, ka san Baba Ɗantsoho kuwa? Da wane bakin?"

"Da wanda kake cin tuwo da shi."

Faɗa da sauƙi. Kullum Mudathir yakan kwanta da niyyar gobe zai ƙi, ya tashi ya karɓa da hannu biyu har da godiya.

Haka aka lallaɓa har Alhamis ta ƙarshen wata. Saura kwana biyu ya tsira. Alhamis kuwa ita ce ranar kasuwar Maigatari, ranar da shanu da raƙuma suke kwararowa daga Damagaram, ranar da duk wanda yake da abin sayarwa yake tuna yana da shi. Da ya iso dakalin masallaci sai ya tarar kamar ana rabon gado. Zakaru biyu na Baba Ɗantsoho an ɗaure musu ƙafa. Rabin buhun riɗi na Kawu Cindo. Malam Barau da fatun awaki a naɗe. Aka rataya zakaru a kan keke, kai a ƙasa, aka ɗaure sauran a kariyar bayan sirdi da igiyar roba, ana ta sa masa albarka.

Ya duba agogo, bakwai saura biyar. In Allah ya so, zai kai da ƙyar.

Ya kusa fita gari ke nan sai ya hangi wata mata a bakin titi tana ɗaga hannu. Madam Paulina ce, matar Oga George, da kayanta na malaman asibiti, a gabanta ga wani buhu a tsaye.

"Malam Mudathir! Allah ya kawo ka. Tun ɗazu nake jiran mota babu. Ƙanena ne ya kawo mana sabuwar doya daga gida jiya. Ka san ogan naka, in ya ji an ci sabuwar doya ba shi, sai ya yi sati ba ya min magana. Aka ce keken naka ba ya gajiya ko?"

Mudathir ya dubi buhun. Doya ce irin ta Shandam, kowace ɗaya kamar cinyar ɗan dambe, kuma ba ta kasa takwas ba. Ya dubi Madam, matar da take zuwa har gida ta yi wa Inna allura ba ta karɓar ko kwabo. Kai, wannan shi ne gaba kura baya sayaki.

"Ba komai, Madam," in ji shi.

Suka ɗora, tayar baya ta yi zaman dirshan.

Keken ya yi iya ƙoƙarinsa, a faɗi gaskiya. Ya yi gurnani ya wuce gonaki, ya wuce shingen kwastan inda suka yi ta ihu suna tambaya ko ƙaura yake yi. Mudathir yana taimaka masa da feda, gumin da aka ce ba ya yi yana zuba har cikin ido. Ana saura kamar mil biyu, rumfunan kasuwa sun fara bayyana, sai gurnanin ya ja dogon numfashi ya ɗauke. Ya danna makunni, shiru. Ya sake dannawa, ya jijjiga waya, ya yi bisimilla ya danna, shiru. Wani zakara ya ɗago kai ya yi cara.

"Kai kuma rufe min baki," in ji Mudathir.

Takwas saura kwata. Ya taka feda, amma keke mai ɗauke da ƙato da batirin mota da doya da riɗi ba keke ba ne, amalanke ne. Ya sauka ya tura. Ya yi tunanin ya sauke kayan a gindin wata bishiya ya ruga, to amma kayan amana ne, ranar kasuwa kuma hanya cike da baƙi. Ya tattare babbar riga ya ci gaba da turawa da gudu-gudu, garken shanu ya tare shi, ya kutsa ta tsakiyarsu yana "hai, hai", Bafillatani mai shanun yana dariya. A ransa ba ya ganin komai sai Inna a cikin ɗaki, rana ta fito tsakar gida, babu mai fito da ita. Tsoro ya kama shi sosai, irin wanda bai taɓa ji ba.

Takwas da minti ashirin ya jingina keken a jikin darbejiyar ofis.

Rajista tana kan tebur a buɗe. Jan layin yana nan, miƙe sambal. Oga George yana zaune a bayanta, hannu a harɗe. Mudathir ya ɗauki biro ya sa hannu a ƙasan layi. Bai kawo uzuri ba. Ya za a yi ya dubi mutum ya ce matarka ce ta ja min? Wannan ba tarbiyya ba ce.

Oga George ya ce a hankali, "Na faɗa maka tun da wuri, Malam Mudathir."

"Ka faɗa, ranka ya daɗe."

Ya fita, ya kwance igiya, ya rungumo buhun doya ya shigo da shi yana nishi, ya ajiye a gefen tebur. "Madam ta ce a kawo maka."

Oga George ya leƙa buhun. Fuskarsa ta washe kamar ta yaro, sannan ta tsuke a hankali. Ya tashi ya kama bakin buhun da hannu ɗaya zai ɗaga, buhu ya ce bai san zance ba. Ya sa hannu biyu. Ya ajiye. Ya fita waje ya tsaya a kan keken, ya dubi zakaru, ya dubi riɗi, ya dubi fatu, ya danna makunni ya ji shiru.

"A ina ya mutu?"

"Wajen mil biyu."

"Da babu doyar nan, da ya kawo ka?"

Mudathir ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa.

"Tambayarka nake yi."

"Allah ne masani, ranka ya daɗe. Amma jiya da kaya kusan irin waɗancan ya kawo ni."

Oga George ya koma ciki ya zauna, ya daɗe yana juya jan biron a hannu. Sauran ma'aikata sun taru a bakin ƙofa, kowa ya ƙi tafiya kara. Can ya ce, "Shekara goma sha tara ina aikin gwamnati, ban taɓa goge layi ba, kuma yau ma ba zan goge ba. Ka makara." Ya jawo takardar Dutse daga aljihun tebur ya shimfiɗa. "To amma takardar nan tana da gurbin dalili. Ni kuma ba na rubuta ƙarya. In na sa sunanka, dole in rubuta cewa ma'aikaci ya makara ne saboda yana ɗauke da doyar shugaban ofis." Ya ɗago kai. "Kana so a karanta wannan a Dutse? A riƙa nuna ni ana ga George mai doya?"

Wani a bakin ƙofa ya kasa riƙe dariya, ta fashe, sauran suka bi.

Oga George ya ninke takardar ya mayar. "Zan rubuta musu cewa ba ni da mutumin da zan iya bayarwa, su nemo a wani wuri. In sun matsa, wata mai zuwa za mu sake duba rajista. Kuma ka sani, doya sau ɗaya take sabuwa a shekara. Zakarun nan ba za su cece ka ba." Ya zaro doya biyu manya ya tura masa. "Ka kai wa Inna. Wuce kara, shanu suna jira."

Mudathir ya yi aikin ranar nan kamar a kan iska yake tafiya. Amma da yamma, yana taka keke zuwa gida, murnar ta fara raguwa. An ɗaga masa ƙafa ne kawai. Dakalin masallaci yana nan, Baba Ɗantsoho yana nan, bakinsa kuma bai koyi a'a ba.

Abin da bai sani ba shi ne, da Oga George ya zo gida ran Juma'a ya ba matarsa labari, Madam Paulina ta ji kunya ƙwarai. Ran Asabar, Mudathir ya tafi wajen Obed, sai ga ta ta yi sallama ta zauna a gaban Inna tana ba da haƙuri. "Wallahi Inna ban sani ba. Da ta dalilina an kai shi Gwaram, da ina zan sa kaina?"

Inna ta ce, "Wace Gwaram?"

Nan fa zance ya fito duka, daga jan layi har zakaru. Inna ta saurara har ƙarshe. Da Mudathir ya dawo ma ba ta nuna ta ji komai ba, ta dai ƙi cin tuwon dare, ta ce ba ta jin yunwa.

Ran Litinin da asuba ya shiga zai ɗauke ta kamar kullum. Sai ta ce, "Rayhana, ki ce wa mijinki yau a ƙofar gida zan sha kokona."

Ya dubi Rayhana, Rayhana ta kawar da kai. Ya kai kujera bakin zaure, ya dawo ya ɗauko ta ya zaunar. Ta sa aka miƙo mata mayafi da sandarta. Daga nan ana hango dakalin masallaci, dattawa suna zaune, ga ƙulle-ƙulle a gabansu.

"A ce da Ɗantsoho ina sallama."

Baba Ɗantsoho ya taso da fara'a, Cindo da Barau a bayansa. Rabon da su ga Sa'adiya a waje an fi shekara uku. Aka gaisa, aka tambayi gwiwa, aka yi wa mamata addu'a. Sannan ta nuna ƙullin hannunsa da sanda.

"Wannan fa?"

"Ɗan sallahu ne, za a miƙa Maigatari."

"Ɗantsoho, ka iya ɗaukata?"

"Subhanallahi! Wace irin magana ce wannan, Sa'adiya?"

"Tambaya na yi. Kai fa Cindo? Barau, kai da ko butarka sai an miƙo maka? To ku ji. Kayanku sun kashe wa keken nan wuta a hanya, saura ƙiris a mayar da mai shi Gwaram. In aka mayar da shi, a cikinku za a sami wanda zai riƙa zuwa kullum da asuba yana fito da ni tsakar gida. Ku zaɓa tun yanzu in san shi."

Baba Ɗantsoho ya riƙe haɓa. "Ashe abin yana gajiya? Wallahi ce mana aka yi ba ya gajiya. Kai ɗana, me ya hana ka faɗa?"

"Da wane bakin zai faɗa, ku da kuka yi masa suna? Shi ba ya iyawa, ni na iya. Daga yau duk mai sallahu ya kawo nan gabana in ɗaga. In ya fi wasiƙa nauyi, mai shi ya jira fetur."

Kawu Cindo ya tura ƙullin wakensa bayan riga a hankali, kamar ba da shi ya zo ba. Malam Barau ya ce ai shi dama gaisuwa ce ta kawo shi. Baba Ɗantsoho ya yi dariya har da tari, ya ce, "Sa'adiya ba ki sauya ba. Allah ya ba mu haƙuri. Hau ka tafi, ɗana, yau an yafe maka durƙuson ma."

Suka koma dakalinsu. Mudathir ya fito da keken, ba komai a kansa sai akwatin batir. Ya tsaya riƙe da shi a gaban Inna.

Inna ta kurɓi koko, idonta a kan bangon maƙwabta. "Rayhana, ki ce wa mijinki ya daina tsayawa a kaina, rana tana yi." Ta sake kurɓar kokon. Da ta sake magana muryarta ta yi ƙasa. "Ki kuma ce masa, in wani abu ya sake damunsa, ya faɗa. Ba don ɗaukar nan ba, ko a ɗaki aka bar ni zan rayu. Ni dai ba na iya cin abinci in ba ya gidan nan."

Shekararsa talatin da shida, bai taɓa jin irin wannan daga bakinta ba. Daɗi da tausayi suka haɗu suka rufe shi.

"To, Inna," in ji shi.

Ya hau ya taka feda. Ya wuce masallaci, ya wuce tasha, Obed yana ɗaga masa hannu yana wani ihu da bai ji ba. Sai da ya fita gari, gero ya kewaye shi hagu da dama, sannan ya lura ashe tun daga ƙofar gida da ƙafarsa yake tuƙawa, ya manta bai danna makunnin ba.